Wa ya fi tsawo a gari?

A Tenhiya in ka ɗaga kai, abin da ya fi komi tsawo shi ne eriyar salula. Da na zo karatu Damagaram na fara lura da gine-gine, sai na ga a ƙasarmu duk wanda ginin shi ya fi tsawo, to, shi ke riƙe da kuɗin zamanin.

Mu fara da Agadas. Hasumiyar babban masallacinta, ta laka da itace, ta kai wajen mita 27. An gina ta a 1515, aka sabunta ta a 1844, a zamanin da ayarin Sahara ke zuba dukiya a garin. A Damagaram ma haka ne: Sarki Tanimun ya ƙarfafa ganuwar Birni da arzikin fatauci, soron fada ya zama abin kallo. Su ke nan masu tsawo a da, masallaci da fada.

Da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, tsawon ya bi su. Kuɗin yuraniyom na shekarun 1970 ya tsayar da benaye a Yamai, otel Gaweye ya fito a bakin kogi. Farashi ya faɗi, gini ya tsaya. Sai a 2019, saboda taron Tarayyar Afirka, wani kamfanin Turkiyya ya gina otel Radisson Blu. Ita kuwa Damagaram, bikin 18 ga Disamba na 2018 ya ba ta kwalta da fitilu, amma yawancin garin a ƙasa yake, faɗi yake yi ta yi.

Ko bakinmu ya riƙe wannan tarihi. Kakanni na cewa soro, a Kano ana cewa bene, mu a nan mu ce etaji, kalmar Faransanci.

Yanzu ku dubi Damargu. Ginin da ya fi ɗaukar ido a hanyar Tanut shi ne matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011. Da dare wutarta na ci a sama, makiyayi na jan guga a rijiya. Ƴan uwa, kafin mu yi gardamar wane gari ya fi hawa, mu tambaya: kuɗin wa ya ɗaga ginin, kuma wa ke kwana a ciki?