Lalura da Mizaninta: Kullen 2020 a Idon Shari'a

Fuƙaha'u sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa lalura tana halatta abin da aka haramta, amma suka haɗa ta da sharaɗin da masu mulki suka fi saurin mantawa da shi, watau a auna lalurar da gwargwadonta, kada a zarce. Wanda ya nazarci Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 zai ga wannan hikima a cikinsa, domin sashe na 38 ya tabbatar wa kowa 'yancin addini da ibada a bainar jama'a, sashe na 45 kuwa ya ba da damar taƙaita shi saboda lafiyar al'umma, muddin taƙaitawar tana da hujjar da hankali zai karɓa.

A ƙarshen Maris na 2020, da annobar korona ta shigo, gwamnatin tarayya ta kulle Legas da Ogun da Abuja bisa Dokar Killacewa ta 1926, tsohuwar dokar Turawa, ba tare da ta ayyana dokar ta-ɓaci ta sashe na 305 ba. Jihohi suka bi sahu, aka ga kwaɗo a ƙofar masallatan Juma'a da coci-coci, ladan yana kiran salla zuwa ga sahu wanda babu kowa a cikinsa. Ina ganin wannan rufewa tana da madogara, don kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, malamai da yawa kuma sun ba da fatawa a kan haka.

Abin da ba shi da madogara ko kaɗan shi ne abin da ya faru wajen tilasta bin dokar kullen. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta bayyana cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kullen, adadin da ya zarce waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Alhali kuwa ko da an ayyana ta-ɓaci, sashe na 45 bai halatta zubar da jini ba sai a fagen yaƙi. Mai sayar da tumatir da ya fito neman abincin iyalinsa ya saɓa doka, na'am, amma hukuncinsa tara ce ko ɗauri a gaban alƙali.

Awon lalura haƙƙin kotu ne, kuma wajibi ne lauyoyinmu su kai irin waɗannan ƙararraki gabanta.