Daga Babur ɗin Malamin Gona zuwa Acaɓa: Yadda Katsina Ta Sauya Kallon Mahayin Babur

A ƙarshen watan Agusta na 2021, Gwamnan Jihar Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a kan wata doka ta matakan tsaro. Dokar ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da man fetur a jarka, sannan ta waiwayo kan babur har sau uku: ta hana goyon mutum uku, ta hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta kuma jaddada hana 'yan acaɓa da masu Keke Napep aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a babban birnin jihar, da kuma daga 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka addaba. 'Yan bindigar daji aka nufa da dokar, amma nauyinta ya fi sauka a kan mutanen da ke jere a bakin ƙofofin Babbar Kasuwa ta Katsina suna jiran fasinja.

Abin lura shi ne, wannan mutumin da hukuma ke yi wa kallon tuhuma, shi ne ɗan kasuwa ke danƙa wa kaya da kuɗi ba tare da rubuta ko harafi ɗaya ba, shi ne kuma magidanci ke ba wa amanar kai 'ya'yansa makaranta. Yarda da zargi sun haɗu a kan mutum guda, kuma kowannensu yana da tarihin da ya haife shi.

Abin hawa da daraja

Tun kafin zuwan injin, Bahaushe na karanta matsayin mutum daga abin da ya hau. Doki na sarauta ne da attajirai, raƙumi na Buzaye da fataken Sahara, jaki kuwa na talaka ne da ƙaramin falke. A Katsina wannan bambanci ya yi ƙarfi ainun, domin birni ne na kasuwanci da sarauta a lokaci guda. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya iso a 1851, ya tarar da birnin da har yanzu ayarin fatake ke sauka cikinsa, ko da yake Kano ta riga ta janye yawancin cinikin bayan jihadi. A ƙarni na 20 ma, Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo sun ƙara ɗaukaka doki ta hanyar wasan folo, har sunan Katsina ya zama ba ya rabuwa da wasan. A ƙasan wannan tsani kuwa akwai ɗan dako, wanda ke ɗaukar kayan wani a kansa don a biya shi. Kasuwa ba ta ci sai da shi, amma ba a ba shi wurin zama a zauren manya.

Akwai wani ma'auni na biyu. Masanin zamantakewa M. G. Smith, a rubutunsa na 1959 kan tsarin daraja a ƙasar Hausa, ya nuna bambancin da Hausawa ke yi tsakanin karda, wato sana'ar gado, da shigege, wato sana'ar da mutum ya shiga da rana tsaka. Maƙeri ko mahauci ko wanzami, komai ƙanƙantar matsayinsa, an san gidansu, an san sarkin sana'arsu, an san inda za a kai ƙararsa. Ɗan haye kuwa ba shi da wannan rumfa. Duk wanda ya riƙe waɗannan ma'aunai biyu zai fahimci yawancin abin da ya faru da mahayin babur daga baya.

Lokacin da babur ke ado

Babur bai shigo ƙasar Hausa a matsayin abin hawan talaka ba. A shekarun 1960 da 1970, malamin gona, malamin asibiti, duba-gari da shugaban makarantar firamare su ne ake gani a kan Honda ko Yamaha ko Suzuki ko Vespa, galibi da rancen da wurin aiki ya ba su ana cira daga albashi. Ƙarar babur a ƙauye alama ce ta isowar ma'aikacin gwamnati. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata da bashin watanni a farkon 1975, ya ƙara cika tituna da sababbin babura. A wancan zamani saurayin da ya je zance a kan Vespa ya gama gabatar da kansa tun kafin ya yi sallama.

Abubuwa biyu suka rushe wannan daraja. Na farko, arzikin man fetur ya sa mota ta zama sabon ma'aunin babban ma'aikaci, musamman bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Babur ya koma abin hawan masinja da ƙaramin akawu. Na biyu, tattalin arziki ya karye. Gwamnatin Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida kuma ta kawo shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota da kayan gyaranta suka fi ƙarfin mai tasi. Masaƙu da masana'antun Kano da Kaduna suka fara sallamar ma'aikata. Mutumin da ya mallaki babur tun zamanin wadata sai ya ga cewa kujerar bayansa na iya ciyar da gida.

A daidai wannan lokaci ne, ranar 23 ga Satumba 1987, aka cire Katsina daga Jihar Kaduna ta zama jiha mai cin gashin kanta. Ma'aikata suka kwararo, unguwanni suka fantsama bayan ganuwa ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da sauran ƙofofi, tafiyar da a da ake yi a ƙasa ta koma ta abin hawa. Cikin tsohon birni kuma lunguna ne da mota ba ta shiga. Babur ne kaɗai ke iya ɗauko mutum daga ƙofar shagonsa ya sauke shi a ƙofar zaurensa. Daga baya baburan Sin masu araha irin su Jincheng, sannan Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, suka sauƙaƙa shiga sana'ar ga duk wanda ya iya tuƙi.

Wannan sauyi bai tsaya a Katsina ba. Abin da ake kira acaɓa a Kano da Katsina, shi ne kabu-kabu a Sakkwato da Maraɗi, okada a kudancin Najeriya, zemijan a Kwatano, boda-boda a Yuganda. A kusan ko'ina, sana'ar ta tsiro ne a inda albashi ya gaza kuma motar haya ta yi ƙaranci.

Idon mai babur

Da yawa daga cikin 'yan acaɓa ba su ne suka mallaki baburan da suke hawa ba. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci ne ke saye ya bayar, bisa ɗaya daga cikin sharuɗɗa biyu: ko dai a kawo masa balas kullum, babur na nan a matsayin nasa, ko kuma a yanke kuɗin da ya haura farashin saye, a riƙa biya mako-mako, ranar da aka cika babur ya zama na mahayi. A tsari na farko mai babur yakan yi zargin ana wahalar da dukiyarsa, ana ƙin sauya baƙin mai, ana ɓoye ciniki. A na biyu kuwa nauyin ya koma kan mahayi, domin ciwo ko hatsari ko kamun hukuma ba sa tsayar da ranar biya.

Nan ne tushen gaggawar da ake zargin ɗan acaɓa da ita. Kafin ya sami abin cefane sai ya fitar da balas, da kuɗin mai, da kuɗin tikitin ƙungiya. Mutumin da ya wayi gari da bashi a wuyansa, kowace tsayawa a mahaɗar hanya asara ce a lissafinsa. Mai babur ya san haka, shi ya sa ba ya bayarwa sai da wanda zai tsaya wa mahayi: mai unguwa, liman, ko wani dattijo a kasuwa. Ta wannan hanya sana'ar da ba ta da gado ta aro abin da gado ke bayarwa, wato sanin asalin mutum da inda za a same shi.

Idon abokan titi

Tsakanin su da su, 'yan acaɓa ba dunƙule suke ba. Akwai ɗan gari da ke da inuwarsa da sanannun fasinjojinsa. Akwai ɗan ci-rani da ke shigowa bayan girbi, bai san unguwanni ba, yana karya farashi don ya samu. Akwai ɗalibi mai neman kuɗin makaranta, akwai kuma ma'aikacin da ke fitowa bayan an tashi daga ofis, ya naɗe fuska da rawani, wanda ke kare ƙura kuma yana kare shi daga idon abokan aikinsa. Wannan rufe fuska shi kaɗai ya isa shaida a kan matsayin da aka ajiye sana'ar. Ƙungiyoyi irin su ACOMORAN sun yi ƙoƙarin zama musu abin da sarkin sana'a yake ga maƙera: rajista, lamba, sasanta rigima, da gudummawa idan an yi rashi ko hatsari.

Direban mota kuwa yana kallon su a matsayin taro. Ya san cewa idan ya goge ɗaya, kafin ya buɗe ƙofa ashirin sun kewaye shi. Abin da direba ke kira taron dangi, su a wurinsu shi ne inshorar da ba su da ita, domin ɗan acaɓa shi kaɗai ba ya cin nasara a kan mai mota a gaban hukuma. Sai dai wannan taro ya sha rikiɗewa ya zama ɗaukar doka a hannu, kuma ya ci musu mutunci fiye da komai.

Idon fasinja

A Babbar Kasuwa, kusan kowane mai shago yana da ɗan acaɓarsa. Shi ke kai dilar atamfa tasha, shi ke karɓo kuɗi wurin abokin ciniki, shi ke kawo abincin rana daga gida. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da dambu da turaren wuta, da yawansu ta hannunsa kayansu ke isa kasuwa, musamman tun da wayar salula ta yaɗu bayan 2001. Mutumin da zai ce 'yan acaɓa ba su da tarbiyya, shi ne kuma zai ce ban da nasa.

Batun mata shi ya fi jawo muhawara. Bayan dawo da shari'ar Musulunci a jihohin Arewa daga 2000, malamai da dama sun soki zaman mace a bayan namijin da ba muharraminta ba. A Kano, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata a 2005, ta kawo babura masu ƙafa uku da suka gaji sunan shirinta na A Daidaita Sahu. Daga nan aka sami sabon mataki a tsanin daraja: mai ƙafa uku ya hau sama da mai ƙafa biyu, domin yana da inuwa, yana da labule, iyali kuma na shiga ba tare da tsegumi ba.

Daga ganganci zuwa tsoro

Har zuwa ƙarshen shekarun 2000, laifin da ake ɗora wa ɗan acaɓa na ganganci ne. Abuja ta kore su daga tsakiyar birni a 2006 zamanin Nasiru El-Rufa'i. Da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano a Janairun 2009, an ga mahaya a Kano sun kifa ƙwarya a ka, abin ya zama abin dariya har a kafofin labaran waje. Amma a watan Yunin shekarar, rigima a kan wannan doka tsakanin jami'an tsaro da mabiyan Muhammad Yusuf a Maiduguri ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka share fagen tarzomar Yuli. Daga nan kisan gilla a kan babur ya yawaita, Maiduguri ta hana babura a 2011. A Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero ranar 19 ga Janairu 2013, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa cikin 'yan kwanaki. Jamhuriyar Nijar ma ta hana hawa babur a yankin Diffa a 2015.

A Katsina tsoron ya fito ne daga daji. 'Yan bindigar da suka addabi Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a kan babura suke zuwa, bibbiyu ko uku-uku. A kan babura suka isa makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara daren 11 ga Disamba 2020, suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji. Ƙarar da a da ke sanar da isowar malamin gona ta koma ƙarar da ke sa ƙauye ya watse. Dokar 2021 daga wannan tsoro ta fito, kuma a Yulin 2022 Ministan Shari'a Abubakar Malami ya bayyana cewa gwamnatin tarayya na duba yiwuwar hana babura a ƙasar baki ɗaya. Ba a kai ga aiwatarwa ba. A Legas kuwa, inda 'yan Arewa ke da yawa a cikin masu okada, an hana su a ƙananan hukumomi 6 daga 1 ga Yuni 2022, zargin sana'a ya cakuɗe da na ƙabila.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ɗan acaɓa na cikin waɗanda rashin tsaro ya fi cutarwa. Babur ɗinsa shi ne abin da ɓarawo da ɗan bindiga ke nema, fasinjan da ya tsayar da shi da dare yana iya zama ajalinsa. Wasu daga cikin masu sana'ar a birni ma manoma ne da suka baro gonakinsu saboda hare-hare. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara matse su: farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin makonni, fasinjoji da yawa suka koma tafiya a ƙasa.

Idan aka jera waɗannan shekaru, za a ga cewa duk inda aka san mahayi da sunansa da unguwarsa da wanda ya tsaya masa, ana ba shi amanar da ba a ba ma'aikacin banki ba sai da takarda. Duk inda aka gan shi a matsayin ɗaya daga cikin taron da ba a san fuskokinsu ba, ana tsoronsa. Kasuwannin ƙasar Hausa sun daɗe da warware irin wannan matsala ta hanyar fatoma da dillali, waɗanda ke tsaya wa baƙo har a yi ciniki da shi. Hukumomi sun fi karkata ga hani, domin ya fi sauƙin shelantawa. Rajistar da ke haɗa kowane babur da mahayinsa da mai tsaya masa ta fi wahala da tsada, amma ita ce ta yi kama da abin da masu shaguna a Babbar Kasuwa suka dogara da shi tun fiye da shekara 30, kuma ita ce ba ta raba mutum da abincinsa don laifin da wani ya aikata a daji.