Tarihi a Matsayin Mabuɗin Zaɓen Batun Nazari: Misali daga Littafin Gandoki

Duk malamin da ya daɗe yana duba ayyukan ɗalibai ya san batun da aka fi kawo masa a kan littafin Gandoki, wato "jigo da salo". Irin wannan batu ba shi da iyaka, don haka yakan ƙare ne a maimaita labari kawai. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa tarihin littafin kansa ya isa ya ba manazarci batu mai kaifi.

A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Muhammadu Bello Kagara, malami a Kwalejin Katsina kuma yayan Abubakar Imam, ya shiga gasar da Gandoki, aka buga shi a 1934.

Labarin ya kasu gida biyu. Kashin farko ya ginu a kan abubuwan da suka auku: zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, da faɗuwar Kwantagora a hannun Turawa a 1901, da yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. A kashi na biyu kuwa, Gandoki da ɗansa Garba Gagare sun nausa gabas, sun shiga duniyar aljannu, inda takobi bai daina ci ba.

To, a wannan mahaɗa ta tarihi da almara ne batutuwan suke. Na farko, me ya sa jarumin da bindigar Nasara ta kora sai a duniyar aljannu ya sami nasara? Na biyu, shekara talatin kacal ke tsakanin Burmi da gasar, waɗanda suka ga yaƙin suna nan da rai. Yaya marubucin ya sarrafa abin da jama'a ke tunawa? Na uku, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne ya rubuta littafin, hukumarta ce kuma ta buga shi. Wane tasiri wannan ya yi a kan yadda aka siffanta Turawa?

Kowace daga cikin waɗannan tambayoyi tana da iyaka, tana neman hujja daga matanin da kuma tarihi, ana kuma iya saɓa wa amsarta. Da waɗannan ma'aunai uku ne ya kamata mai duba aiki ya auna batun ɗalibi kafin ya amince da shi.