Haɗa soyayya tsakanin jaruman manga

Haɗa soyayya tsakanin jaruman manga al'ada ce ta masu karanta labaran zane na Japan, inda suke zaɓar jarumai biyu su ƙirƙira musu labarin soyayya na kansu, ko da marubucin asali bai haɗa su ba. Ana buga irin waɗannan labarai a ƙananan littattafan da ake kira dojinshi, ana sayar da su a Comiket, kasuwar baje koli da aka fara a Tokyo ranar 21 ga Disamba, 1975.

Al'adar ta bunƙasa a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da mata matasa suka riƙa haɗa jaruman labarin manga na Captain Tsubasa, musamman Kojiro Hyuga da Ken Wakashimazu. Ana rubuta sunayen biyu da alamar × a tsakani, kuma wanda aka fara ambata shi ne mai jan ragamar soyayyar.

A yau shafukan intanet kamar Pixiv, wanda aka buɗe a 2007, su ne babbar matattarar labaran. Da labarin manga na Naruto ya ƙare a Nuwamba 2014 da auren Naruto da Hinata, masu son a haɗa shi da Sakura sun nuna rashin jin daɗinsu.