Tsoratarwa ko Nuna Mafita: Darasin Maraɗi Kan Isar da Saƙon Sauyin Yanayi

Gabatarwa

Mai bibiyar rahotannin sauyin yanayi a kafofin watsa labarai na Hausa ya san zubinsu: hamada na kwararowa, Tafkin Chadi ya janye, ruwa ya ci gari. Akasarin wannan gaskiya ne. Ambaliyar 2022 ta halaka mutum fiye da 600 a Najeriya, ta Satumban 2024 kuma ta mamaye Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau. Sai dai manomin da aka jero wa masifu, aka rufe da cewa gaba ta fi muni, ba a bar masa abin yi ba illa ya ce "Allah Ya kyauta." Matsayar wannan maƙala ita ce, saƙon da ke sa mutane aiki shi ne wanda ya nuna musu kyakkyawar makoma da idonsu zai iya tabbatarwa, kuma amfaninta ya zama nasu. Hujjarmu abin da ya faru ne a kudancin Nijar.

Abin da ya faru a Maraɗi

Bayan farin shekarun 1970, an kashe maƙudan kuɗi wajen dashen itatuwa a yankin Sahel, mafi yawansu kuma suka mutu. A 1983, Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne daga kututtukan itatuwa masu rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. Dabarar ba ta buƙatar irin dashe ko ban-ruwa. Manomi zai duba kututturen kalgo ko sabara, ya zaɓi rassa kaɗan mafiya ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, ya riƙa yi musu aski har su miƙe. Abin da ya datse ya zama makamashin girki. Ana kiran wannan aiki sassaben zamani.

Farkon yaɗa shi ya ƙunshi darasi. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa don su sami tsaba. Da rabon ya ƙare, mafi yawan itatuwan aka sare. Waɗanda suka riƙe nasu ne suka zama hujja: iska ta daina turbuɗe musu shuka, dabbobinsu suka sami ganye da rani, matansu suka huta da doguwar tafiyar neman ice. Geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau, domin gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, yana kuma ƙara wa ƙasa taki. Maƙwabci ya gani, ya kwaikwaya. Gani ya kori ji.

Binciken da Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu 'yan Nijar suka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Dalilan karɓuwar saƙon

Na farko, an yi wa manomi magana a kan abin da ya dame shi: hatsi, abincin dabbobi da itacen girki. Rage iskar da ke ɗumama duniya ya biyo baya a matsayin riba. Na biyu, manomi ne ya isar wa manomi, ta ziyarar gonaki da hirar kasuwa, rediyo kuma ya ƙara wa maganar nisa. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne mallaka. Muddin itace na hukuma ne, kuma ma'aikacin gandun daji zai ci mutum tara a kan bishiyar gonarsa, babu wa'azin da zai sa ya rene ta. Sai da aka sassauta wannan riƙo, ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, sannan fata ya sami gindin zama.

Ƙalubale

Ana iya cewa labarin nasara yana sanyaya jiki, ya kuma wanke ƙasashen da suka haddasa matsalar, alhali kason Afirka a hayaƙin da duniya ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. Wannan suka tana da ƙarfi. Itatuwan Maraɗi ba za su tsayar da ɗumamar duniya ba, kuma gargaɗin ambaliya dole ya fito ƙarara. Amma gargaɗi yana amfani ne idan ya zo da matakin ɗauka. Haka nan, al'ummar da ta ga aikin hannunta ya yi tasiri ta fi ƙarfin gwiwar neman haƙƙinta a teburin tattaunawa. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, shi kansa ya sauya daga tunanin dasa layin bishiyoyi daga Dakar zuwa Jibuti, ya rungumi dabarun manoma irin wannan.

Kammalawa

Aikin 'yan jarida, malamai, limamai da masu shirya finafinai a ƙasar Hausa shi ne su haɗa kowane gargaɗi da misali na kusa, mai suna da wuri, wanda mai sauraro zai iya zuwa ya gani. Su bar manomi da makiyayi su yi bayani da bakinsu, su faɗi wahalar aikin tare da ribarsa. Sannan su tambayi hukumomi a fili: wanda ya reni itace a gonarsa, shin doka ta ba shi ikon cin moriyarsa? Amsar wannan tambaya ce za ta nuna ko makomar da ake kwaɗaita wa jama'a tasu ce.