Zare: Lokacin da Kano ke mulkin ƙwallon kwando a Najeriya

1/
Jiya ƙanena ya tashe ni ƙarfe 3 na dare da ihu, wai yana kallon NBA a waya. Da safe na tambaye shi ko ya san Kano Pillars na da ƙungiyar ƙwallon kwando. Ya ce, "Yaya, wasa kake?" Abin ya tsaya min a rai. To ku matso, yau tarihi za mu yi. 🧵

2/
Ni ɗan Minjibir ne. Mu abin da muka sani gona, saƙa, sai tamaula a filin firamare bayan la'asar. In an ce Pillars, ƙwallon ƙafa ake nufi, shi ke nan. Kwando kuwa, wanda ake zuba tumatir a bakin dam ɗin Wasai kaɗai na sani.

3/
Ina sakandare wani kawuna mai kai kayan saƙa birni ya ce in raka shi. Da muka gama da kasuwar Kurmi sai ya ce, "Zo in nuna maka wani abu." Muka gangara Ƙofar Mata, muka wuce karofi, muka nufi filin wasa na Sani Abacha. Na ɗauka babban fili za mu shiga. Ashe rufaffen ɗakin wasa ne.

4/
Abin da ya fara dukana ƙara ce. A filin ƙwallon ƙafa ihu sama yake tafiya. Nan kuwa rufi ne ke dawo maka da shi cikin kunne. Ga ganga, ga usur, ga kukan takalma a dandamali, ƙiiƙ-ƙiiƙ. Zafi kamar gidan burodi, amma ba wanda ya motsa.

5/
Kuma kusancin! Kana ganin gumi na ɗiga daga haɓar ɗan wasa, kana jin koci na faɗa. Wani dogo ya zo ɗaukar ƙwallo dab da mu, na ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Na ce, "Kawu, wannan mutum ne?" Wani dattijo a gefe ya yi dariya har da tari.

6/
Dattijon nan ne malamina ranar. Shi ya ce min mutum biyar-biyar ne, zubi huɗu, kowane minti 10. Daƙiƙa 24 gare ku ku jefa ko a karɓe. Daga bayan wancan layi mai lanƙwasa maki 3 ne. Ni da na saba a yi minti 90 ba ci, sai ga ci kowane numfashi. Da wani ya tashi sama ya danna ƙwallo cikin kwando da hannu biyu, ban san lokacin da na miƙe ina "Sai masu gida!" ba.

7/
Abin da ban sani ba a lokacin: ƙungiyar da ta fi kowacce a ƙasar nan nake kallo. Ku duba shekarun da Pillars ta ɗauki kofin gasar Firimiya ta ƙwallon kwando: 2008, 2009, 2010, 2013, 2014, 2016, 2017. Bakwai cikin shekara 10.

8/
Gasar kashi biyu ce. Rukunin Atlantic na kudu, rukunin Savannah na arewa. A namu akwai su Gombe Bulls, Bauchi Nets, Plateau Peaks, Niger Potters da Mark Mentors ta Abuja, wadda ta ƙwace kofin a 2015. A ƙarshen kaka zakarun ɓangarorin biyu su haɗu a fidda gwani. DStv ke ɗaukar nauyi a yawancin shekarun.

9/
Sunayen da ya kamata ku riƙe: koci Sani Ahmed, da Abubakar Usman, mai rarraba ƙwallo da ya daɗe yana jan ragamar ƙungiyar, ya kuma buga wa Najeriya. Sai Abdul Yahaya, wanda aka ɗauka cikin D'Tigers zuwa gasar AfroBasket ta 2017, inda aka zo na biyu.

10/
Ba a gida kaɗai ba. A 2016, a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka a birnin Alƙahira, Pillars ta zo ta uku. Al Ahly ta Masar ce ta ɗau kofi, Libolo ta Angola ta biyu. Wanda ya san irin kuɗin da ƙungiyoyin Masar da Angola ke kashewa ya san tagullar nan ba ƙaramin abu ba ce.

11/
Af, kada wani ya ce wasan baƙo ne a Arewa. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi. Can ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan na Jami'ar Ahmadu Bello da ake kira OBJ.

12/
To me ya faru? 2017 ce ta faru. A watan Yuni aka yi zaɓen hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, har sau biyu. Ɗaya a Kano, ya ba Tijjani Umar. Washegari wani a Abuja, ya ba Musa Kida. Hukuma ɗaya, shugabanni biyu, kowa na cewa shi ne halastacce.

13/
Ba zan yi alƙalanci a nan ba, kowane ɓangare na da masu kare shi har gobe. Abin da na gani a matsayina na ɗan kallo shi ne gasa ta rikice, ana kotu, masu zuba kuɗi suka ja baya. A 2017 ɗin ma wasan ƙarshe tsakanin Pillars da Gombe Bulls aka yi, 'yan Arewa zalla. Muna kan ganiya aka kashe fitila.

14/
Rikicin bai tsaya nan ba. A Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta ce ta janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara 2. Ta sauya shawara bayan 'yan makonni, amma kafin nan matanmu D'Tigress sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya, aka ba Mali.

15/
Ga inda ya fi min ciwo. A 2021 NBA da FIBA suka buɗe gasar BAL a Kigali: kuɗi, talabijin, masu farautar 'yan wasa daga Amurka. Irin dandalin da Pillars ta shekara 10 tana cancanta. Da ƙofar ta buɗe, Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta shiga, daga baya Kwara Falcons. Hoopers ta zo ta uku a 2024. Na taya su murna, amma da ɗaci a bakina.

16/
Da a ce BAL ta zo a 2014, da yau ƙanena rigar Pillars yake nema, ba ta Lakers ba. Ra'ayina ne, kuna iya musawa.

17/
Ranar nan da muka koma Minjibir, na cire wayoyin wata tsohuwar gargaren keke, na kafa ta da ƙusa a jikin darbejiyar ƙofar gida. Mun yi wata biyu muna jifa da ƙwallon roba kafin Baba ya ce a cire, wai muna tsorata masa awaki.

18/
Na ce wa ƙanena duk ranar da Pillars za ta yi wasa a Ƙofar Mata ni zan biya masa kuɗin mota. Wanda yake da tsofaffin hotuna ko bidiyo na shekarun 2008 zuwa 2017, don Allah ya ajiye su a ƙasa. Har yanzu yaron bai gama yarda da ni ba.