Yadda ake gane kayan sitiyarin da ya dace da tsohuwar Peugeot 504

Har yau ana ganin Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, tana ɗaukar hatsi da fasinja a kan hanyar Kano zuwa Daura, da ƙauyukan da ke tsakanin Kazaure da Achilafiya da Roni. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, aka ci gaba da fitar da 504 a nan gida shekaru da dama bayan an daina yin ta a Turai. Wannan tsawon rai shi ne ke rikita mai sayen kayan gyara: sunan motar ɗaya ne, amma kayan sitiyarinta iri-iri ne.

Sitiyarin 504 na aiki ne da wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, wanda makanikai ke kira rak. Daga kowane gefensa akwai sandar da ake kira tayarod, ita ce ke juya taya. Kafin a sayi komai sai a gano inda wasan yake. A ɗaga gaban motar, a kama taya ta dama da hagu a girgiza, wani yana duban inda ke motsi. Sau da yawa ba rak ɗin ne ya mutu ba; kan tayarod ne ya cinye, ko kuwa faifan robar da ke haɗa sandar sitiyari da rak ɗin ne ya tsage. Sauya rak gaba ɗaya saboda wannan roba asarar kuɗi ce kawai.

Idan rak ɗin ne da gaske, a fara duba ɓangaren da direba ke zama. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi ranar 2 ga Afrilun 1972, don haka motocinmu na da sitiyari a hagu. Amma an yi 504 mai sitiyari a dama don ƙasashe irin su Ingila da Kenya, kuma rak ɗinta a juye yake, ba zai taɓa zama a motar Kaduna ba. A tulin kayan Beljiyam ido ba ya saurin raba su. Haka nan rak mai fawa, wanda ke da bututun mai a jikinsa, daban yake da mara fawa.

Tayarod ma ya sauya da tafiyar shekaru. A tsofaffin motoci, inda yake haɗuwa da rak akwai ido mai roba da noti. A na baya-bayan nan kuwa ƙwallon ƙarfe ne ake murɗawa a bakin rak ɗin. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Shekarar da ke kan takardun mota ba abin dogaro ba ce a nan, domin motar da ta haura shekara talatin da wuya a ce ba a taɓa sauya mata rak ba, wataƙila ma da na wata motar.

Saboda haka abin da ya fi shi ne a kwance tsohon kayan a tafi da shi kasuwa, ko Kazaure ko Ƙofar Ruwa a Kano, a ajiye shi gefe da sabon. A gwada tsawo, a gwada tsohon notin a kan zaren sabon. In ya cije, ba shi ba ne. A lura da kaurin ƙusar da ke shiga hannun taya, domin ƙusar da ta yi siriri za ta ɗauru yau, ta yi sako-sako bayan 'yan makonni, kuma tayarod da ya fice a kan gudu yana raba direba da ikon motarsa nan take. Maganar mai shago cewa na 505 "duk ɗaya ne" ba ta wadatar ba sai awo ya tabbatar.

Lokacin kwancewa a ƙirga zagayen da tsohon kan tayarod ya yi kafin ya fita, a mayar da sabon daidai da haka, sannan a kai motar a daidaita tayoyin gaba kafin a ɗora mata kaya.